Waƙar da Na Yi wa Amarya da Jamusanci

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da aka yi walimar auren Ramatu ba, kuma Allah ya sani na yi ƙoƙarin mantawar. An fi shekara goma yanzu, amma har yau ina cikin wanke kwanoni ko ina tsaye a cikin jirgin tram sai abin ya faɗo mini, in ji na ce "a'uzu billahi" da ƙarfi, mutane su juyo suna dubana.

Bari in fara daga inda ƙaryar ta fara. Ni ɗan Damagaram ne, kuma a gidanmu ba a gaji kiɗa ba. Kakana malami ne, babana tela ne mai gemu da tasbaha. Da na samu burs, wato tallafin karatu, na zo Faransa, abin da na zo karantawa a jami'a, can Bron kusa da Lyon, kiɗa ne da waƙa: tarihinsu, yadda ake rubuta su, da horar da murya. To amma wa zai tsaya gaban dattawan unguwarmu ya ce an tura ɗansu ƙasar Turawa ya koyo roƙo? Sai na samu mafita. A tsarin karatunmu, duk mai koyon rera waƙa dole ya ɗauki darasin Jamusanci da al'adun Jamusawa, domin yawancin tsofaffin waƙoƙin da ake ba mu da harshen nan aka rubuta su. Awa uku ne kacal a sati. Ni kuwa na ɗauki awa ukun nan na yi rawani da su. Duk wanda ya tambaye ni a waya me nake karantawa, sai in ce, "Jamusanci, da ɗan abin da ba a rasa ba na kiɗa." Kafin shekara ta zagayo mahaifiyata ta gama shaida wa maƙwabta cewa ɗanta zai zama tafinta a ambasad, wato ofishin jakadanci.

Gaskiyar magana, a ajin nan babu wanda ya kai ni rauni. Abin da ya cuce ni kunne ne. Allah ya ba ni kunne mai kama sauti, in na ji abu sau biyu zan maimaita shi daidai, har da inda mai maganar ya ja numfashi. In aka ce in karanta shafi a bayyane, sai ka rantse a can aka yanke mini cibiya. In aka tambaye ni me shafin ya ce, sai in dubi silin. Malamarmu, Frau Keller, wata doguwar dattijuwa ce da ba ta ɗaga murya. Wata rana bayan na gama karatu ta cire tabarau ta ce mini da Faransanci, "Bakinka yana da kyau ƙwarai. Saura ka sa wani abu a bayansa." Na ɗauki rabin farko na maganar na tafi da shi gida ina murna. (Rabin na biyun ya jira ni a hanya, bai yi gaggawa ba.) Darasin al'adu kuwa ba zan iya gaya maka abin da ake faɗa a ciki ba, saboda a layin baya nake zama ina kwafar aikin wani ajin.

A Paris ina da kawu, wan mahaifiyata, Alhaji Mamman. Ya fi shekara talatin a can, yana da shagon atamfa da shadda a unguwar Château Rouge. Duk hutu wurinsa nake zuwa: in sauka a gar, tashar jirgin ƙasa, in kama metro mai lamba huɗu, in fito cikin ƙamshin busasshen kifi da hayaniyar masu kitso, in tarar da shi a bayan kanta da mitar awon yadi a wuya. Ramatu babbar ɗiyarsa ce, a Paris aka haife ta, ta girme ni da shekara huɗu. Taubashiyata ce, don haka tsakaninmu ba kunya sai tsokana. Ta karanta injiniya, ta yi aiki shekara uku a Jamus, kuma ita kaɗai ce a dangi ta san asirina. Zuwana na farko ta jefo mini wata doguwar magana da Jamusanci muna cin tuwo, na ce "ja, ja", wato "i, i" da harshensu, ina gyaɗa kai. Ta yi dariya har ta ƙware. Ashe tambayata ta yi ko ni jaki ne. Ba ta tona ni ba, sai dai tun daga ranar take kirana Bajamushe.

A Jamus ɗin ta haɗu da Jonas. Ya musulunta, Kawu ya raɗa masa Yunusa, amma ya ɗauki lokaci kafin ya yarda ya ba shi ɗiyarsa. An sa rana, an sayi kaya, sai ciwo ya kwantar da Ramatu. Ciwon daji ne a jini. Ta yi watanni a asibiti, gashinta ya zube, ta rame har in ka shiga ɗakin sai ka nemi inda take a gadon. Yunusa ya ajiye aikinsa ya tare a Paris. Na gan su da idona, shi da Kawu, zaune a benci ɗaya a barandar asibiti, Yunusa bai iya Hausa ba, Faransancin Kawu kuma na kasuwa ne, suna miƙa wa juna dabino. Akwai satin da likitoci suka ce a kira dangi na kusa. Sai Allah ya tashe ta. Na faɗi wannan ne don a gane cewa bikin da aka shirya bayan shekara guda ba biki ne kawai ba. Kowa ya zo ne ya ga yarinyar da aka cire rai da ita tana zaune cikin kwalliya.

Saura wata guda Kawu ya kira ni. Bayan gaisuwa ya ce, "Ranar nan kai ne bakinmu. Dangin yaron za su zo daga ƙasarsu, kai za ka tarbe su da harshensu." Ban gama haɗiye wannan ba ya ƙara da cewa, "Sannan wannan kiɗan da na ji kana ɗan taɓawa, ka yi musu wata waƙa tasu. Su san mu ma ba daga daji muka fito ba."

Wannan magana ta biyu ta taɓa ni fiye da yadda zan iya bayyanawa. Tunda nake, babu wani babba a danginmu da ya taɓa ce mini in yi waƙa. A ɓoye na koya, a ɓoye nake yi. Ga shi yau Alhaji da kansa yana nema. Na ajiye waya na zauna a bakin gado na daɗe, na ɗauki alkawari a raina cewa zan yi waƙar da ba a taɓa ji ba a bikin Bahaushe.

(Alkawarin nan dai na cika shi.)

Washegari na shiga laburaren sashenmu na ɗauko wani kundin tsofaffin waƙoƙi da faifansa. Ina saurare ina buɗe shafuka, sai na faɗa kan wata mai sanyin karin sauti, a hankali take tafiya kamar ana lallashin jariri. Na duba baitocin, idona ya sauka kan kalmomi uku da na sani. Braut, amarya. Weiß, fari. Blumen, furanni. Amarya, farin kaya, furanni: me ya rage? Na rufe kundin na ce alhamdu lillahi. Sati uku ina haddace ta. Na gyara kowane harafi, na san inda zan sassauta murya da inda zan ɗaga ta, na rera ta a wanka, na rera ta a tram cikin ciki. Ƙamus yana kan teburina, na ɗora kofin shayi a kansa. Ofishin Frau Keller kuwa ƙofa biyu ne tsakaninsa da ɗakin da nake gwaji, kullum ta gabansa nake wucewa. Ban shiga ba. Ina tsoron ta ce in fassara mata, ni kuma a ganina na riga na san abin da waƙar ke cewa.

An ɗaura aure ranar Juma'a a masallaci. Asabar bayan azahar aka yi walima a wani zaure da aka kama a arewacin Paris. Ƴan Nijar na Paris kusan duk sun zo, da ƴan Nijeriya abokan kasuwancin Kawu, har da wasu daga Lyon. Ga dambu, ga shinkafa da miyar taushe, ga kilishin da aka yo oda daga gida. Jamusawan su kamar goma ne. Mahaifiyar Yunusa gajeruwa ce mai farin gashi, an ɗinka mata shadda shuɗiya an ɗaura mata kallabi, ya karkace gefe guda amma ta ƙi a taɓa shi. Kawu ya ja hannuna har gabanta, ya dafa kafaɗata ya ce da Faransanci, "Ga namu."

Na saki jimloli ukun da na haddace na maraba. Sun fito sumul. Fuskar matar ta washe, ta kama hannuna da hannu biyu, ta buɗe mini famfo. Ta yi magana ta yi magana, ta juya ga ƴan'uwanta tana nuna ni, su ma suka matso suna zuba tasu. Ni dai "ja, ja" nake yi, in na ga sun yi dariya in yi, in na ga sun tsuke fuska in girgiza kai. Da na samu sarari na ce ana kirana a kicin, na sulale. Na ji daɗi a raina cewa na tsallake siraɗi. Ban san cewa a daidai lokacin na gama tabbatar wa mutum goma cewa ina jin harshensu kamar ruwa ba.

Ramatu tana zaune a gaba kusa da mijinta, cikin farin leshi. Har lokacin ba ta gama murmurewa ba, wuyanta siriri, ɗaurin kanta ya rufe ɗan gashin da ya fara tsirowa. Amma tana dariya, kuma duk matar da ta zo gaishe ta sai ta koma tana share ido.

Bayan an ci abinci mai gabatarwa ya kira ni. Na karɓi mikro, na ce ba na son a buga mini komai, da murya kawai zan yi. Na fara.

Ba yabon kai ba, ban taɓa rera waƙa kamar ranar ba. Baitin farko bai ƙare ba hayaniyar zauren ta mutu. Matan da ke rabon lemo suka tsaya da tire a hannu. Na dubi teburin Jamusawa na ga suna murmushi. A baiti na biyu murmushin ya fara gushewa. Wani dattijo a cikinsu ya ajiye cokali a hankali. Yunusa ya sunkuyar da kai ya kama hannun matarsa. Mahaifiyarsa ta sa tafin hannu ta rufe baki, na ga hawaye yana bin yatsunta. Ka san abin da na ce a raina? Na ce na kama su. Na ce yau Jamusawa sun ji ɗan Damagaram. Sai na ƙara wuta. Na bar inda nake tsaye na taka har gaban amarya, duk inda kalmar Braut ta zo sai in miƙa hannu in nuna ta, don kada wani ya yi shakkar da wa nake. Baitin ƙarshe na sassauta murya kamar raɗa, na ɗan durƙusa a gabanta, na lumshe ido, na ja sautin ƙarshe har numfashina ya ƙare.

Da na buɗe ido kujerar mahaifiyar Yunusa ba kowa. Ramatu tana kallona, ba murmushi ba fushi, wani irin kallo da ban taɓa gani a fuskarta ba. Ban samu damar tunani a kai ba, saboda wata gwaggo ta rangaɗa guɗa, zaure ya ɗauki tafi. Kawu ya taso da babbar rigarsa, idonsa ya yi ja. Ya rungume ni a gaban jama'a, abin da bai taɓa yi ba, ya ce a mikro, "Kun gani, har surukarmu ta kasa zama don daɗi. To ɗana, mu da ba mu yi karatu a lakkol ɗin Jamus ba, faɗa mana abin da ka ce."

Na gyara tsayuwa. Na ce waƙar tana cewa ga amarya ta fito cikin fararen kaya, an kewaye ta da furanni, kowa ya yi shiru yana kallon kyanta, ana roƙon Allah ya sa ɗakin da za a kai ta ya zama wurin hutunta na har abada.

Zaure gaba ɗaya ya amsa, "Amin!"

Ina cikin karɓar gaisuwa wata yarinya ta ce amarya tana nemana. Na same ta ita kaɗai a wani lungu inda ake rataye riguna, ta jingina da bango. Na zo da fara'ata ina jiran yabo.

"Bajamushe," ta ce, "wa ya ba ka waƙar nan?"

"Ni na zaɓo ta da kaina. Ta yi ko?"

"Ka san abin da take cewa?"

"Amarya mana. Da furanni."

Ta rufe ido ta ja numfashi. "Bon. Écoute. Tsaya ka ji." Sai ta bi waƙar baiti baiti da Hausarta mai gauraye da Faransanci, muryarta ba ta rawa ko kaɗan. Wani saurayi ne yake magana. Amaryarsa ta rasu ana saura kwana kaɗan biki. An sa mata farar rigar da aka ɗinka don auren, an zuba mata furanni a ƙirji. Yana roƙon masu shigowa su taka a hankali kada su tashe ta. Ƙararrawar da aka shirya bugawa don ɗaurin aure ita ake bugawa don rakiya. A baitin ƙarshe, wanda na durƙusa na yi mata, yana ce mata ta yi barci, ɗakin da aka gyara mata a ƙarƙashin ƙasa yake, shi ma yana nan tafe.

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Na tuna bencin asibiti. Na tuna satin da aka ce a kira dangi. Na tuna yadda nake miƙa hannu ina nuna ta.

"Ni na san ba ka sani ba," in ji ta. "Tun baiti na biyu na gane, na ce wannan jakin bai duba ba. Amma maman Jonas ta ji Jamusancinka a bakin ƙofa. Ta ɗauka ka san abin da kake faɗa. Tana waje tana tambayar Jonas ko al'adarmu ce, ko kuwa akwai wanda ba ya son auren nan a danginmu." Ta gyara ɗaurin kanta. "Za ka tashi ka je ka gaya mata gaskiya. Baba kuwa kada ya ji, ko yau ko gobe. Ka ga fuskarsa ai."

Na same su a waje, kan wani dakali kusa da inda ake ajiye motoci. Matar ta cire kallabin ta riƙe a cinya. Na tsaya gabanta, ni tafintan dangi, na dubi Yunusa na ce masa da Faransanci, "Don Allah ka fassara mata abin da zan faɗa." Ya dube ni da mamaki, sannan ya gyaɗa kai. Na ce ban iya Jamusanci ba. Na ce abin da ta ji a bakin ƙofa hadda ce, duk maganar da ta yi mini ban gane komai ba. Na ce waƙar ma haka, ban san abin da ke cikinta ba sai yanzu. Yunusa yana juyawa, ni ina kallon takalmina.

Sannan ta yi tambaya, Yunusa ya ce, "Tana cewa, ko kalma ɗaya ba ka gane ba?"

Na ce, "Uku na gane." Na lissafa mata su.

Wani sauti ya fito daga bakinta, tsakanin dariya da kuka. Ta goge fuska da kallabin. Abin da ta faɗa bayan nan Yunusa ya sha wuya kafin ya iya juya mini shi, sau biyu yana tsayawa. Ta ce lokacin da Ramatu take asibiti ta zo Paris dubiya, ta ga kayan auren a rataye a ɗaki cikin leda. Tun daga ranar wani tunani ya shige ta, cewa da kayan nan za a binne yarinyar, ɗanta kuma ba zai sake zama mutum ba. Shekara guda tana ɗauke da tunanin, ba ta faɗa wa kowa ba, ko mijinta. "Sai yau," in ji ta, "da na ce abin ya wuce, ka tashi ka rera mini shi daga farko har ƙarshe." Ta kama hannuna kamar yadda ta yi da farko. "Muryarka tana da kyau. Da ba ta da kyau da bai yi zafi haka ba."

Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Ta mayar da kallabinta, muka koma ciki tare, Kawu ya hango mu ya ɗaga mini babban yatsa. Sauran yinin ban san yadda ya wuce ba. Duk wanda ya zo ya ce mini "kai, Jamusanci a bakinka kamar goro" sai in ji kamar ya watsa mini ruwan zafi.

Ranar Litinin na ƙwanƙwasa ƙofar Frau Keller. Na ajiye mata kundin a buɗe, na ba ta labari duka, ban rage komai ba. Na zaci za ta yi dariya, ko ta tuna mini maganarta. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta tambaye ni, "Yarinyar tana lafiya yanzu?" Na ce tana lafiya. Ta jawo kujera kusa da tata ta ce in zauna. Muka bi waƙar kalma kalma, awa biyu, har na ga inda kabari yake a rubuce ƙarara a layi na shida, kalmar da na fi kowace gyara furucinta. Ta bayyana mini cewa mawaƙansu na wancan zamani sun saba yi wa mutuwa magana da taushi, su kira ta barci, su kira ta gida, su ɗora ta a kan karin sauti mai daɗi. Ta ce sati uku ta yi tana koyar da wannan a zangon da ya wuce. Na ce ina ajin. Ta ce ta sani, ta gan ni.

Wata biyar bayan biki aka kira ni aka ce Ramatu tana asibiti da zazzaɓi mai zafi. Abin da na ji ranar ba zan so wa maƙiyina ba. Mu an rene mu a kan cewa baki yana da kaifi, kada ka yi mugun fata ko da wasa, ba ka san sa'ar da za a amsa ba. Na yi karatu, na san waƙa ba ta sa ciwo. Amma ilimin nan bai hana ni jin "amin" ɗin zauren nan a kunnena ba, ina tambayar kaina a kan wace magana aka shafa, wadda na rera ko wadda na ƙirƙira. Na yi azumi, na yi sadaka, na yi addu'ar da ban taɓa yi wa kaina ba. Na kasa zuwa Paris, na kasa kiran waya, ina jin kunyar muryata. Bayan kwana goma sha biyu likitoci suka ce ba ciwon ne ya dawo ba, wata cuta ce ta samu jiki ba ƙarfi, kuma ta wuce. Ita ta kira ni da kanta ranar da aka sallame ta. Ko sallama ba ta gama ba ta ce, "Bajamushe, ban mutu ba fa. Sai ka nemi wata waƙar." Na yi dariya, dariyar ta juye ta zama wani abu, ta bar ni har na gama.

Na maimaita ajin Jamusancin nan daga tushe, a layin gaba. Ya ɗauke ni shekara huɗu kafin in iya zama da mahaifiyar Yunusa mu yi hira ba tafinta, kuma abin da ta fara ce mini shi ne furucina ya lalace, yanzu ina magana kamar mai tunani. A gida ma na daina rawani da awa uku, na gaya wa mahaifiyata abin da nake karantawa. Ta ce ta daɗe da sani, maƙwabta ne ba su sani ba, kuma ba sai sun sani ba.

Kawu dai har yau bai ji gaskiyar waƙar ba. Da aka zo auren ƙanwar Ramatu ya aiko a gaya mini in shirya waƙar nan ta Jamus, wadda ta sa surukarsa kuka. Ina ta neman ƙaryar da zan yi, sai Ramatu ta riga ni, tana goye da ɗanta na biyu. Ta ce, "Baba, a al'adarsu sau ɗaya ake yin ta a dangi." Kawu ya jinjina kai ya ce, "Mutanen nan akwai tsari."

Yanzu ni ma koyar da waƙa nake yi a wata ƙaramar makaranta a Lyon, kuma ɗalibaina sun san dokata. Komai daɗin muryarka, ba za ka buɗe baki a ajina ba sai ka faɗa mini da harshen uwarka abin da waƙar ke cewa, da wanda ya mutu a cikinta. In ɗalibi ya ce mini, "Mushe," wato malam, "ai wannan ba wanda ya mutu," sai in duba sunan harshen a saman takarda. In Jamusanci ne, in ce ya koma ya sake dubawa.